Yarinyar da Ta Tare a Wayar Teta Fardos

"Lafiya ƙalau, Teta. Ke fa, kin tashi lafi…"

"Ban tashi ba. Gawata ce ta leƙo baranda shan iska. Ɗago kai ka dube ni, ragon banza, kana gaishe ni kana tonon hanjin wayar mutane."

Wa'il ya ajiye wayar da yake kwancewa, ya sa hannu ya kare rana, ya ɗaga kai. Hawa biyar ne tsakaninsa da kakarsa, amma muryarta ta iso kamar a bayan kunnensa take. Mutanen layin nan na birnin Mansura a ƙasar Masar sun saba. Mai sayar da wake bai ko waiwayo ba.

Teta Fardos uwar uwarsa ce, shekararta saba'in da takwas, hamsin daga ciki a wannan bene da ba shi da lif ta yi su. Gurasarta da tumatirinta da maganinta duk a kwando suke hawa, ta zuro shi da igiya daga baranda a zuba mata ta janye. Rumfar gyaran wayar Wa'il kuwa tana fuskantar barandar daidai, saboda haka tun safe har rufe rumfa yana ƙarƙashin idonta. Tun yana goye take kiransa angonta, ga shi yau da shekara talatin da huɗu, bai kawo sadaki ba, bai kuma auri wata ba.

Amma ranar Larabar nan ba marmarin zolaya ne ya fito da ita ba. Ran Asabar maƙwabciyarta Umm Girgis ta raka ta asibiti a ɓoye, likita ya duba gyambon da ciwon suga ya buɗe mata a ƙafar hagu, ya ce yatsu biyu sun mutu, ranar Alhamis za a cire su. Ta sa Umm Girgis ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Mutum ɗaya kawai ta aika wa labarin, ɗanta Raf'at da ke aikin lantarki a Kuwait, kuma kwana huɗu ke nan ko sannu bai ce ba. Gobe ne Alhamis. Yatsun ba su dame ta kamar shirun ba.

"Hawo," ta ce. "Wayata ba ta da lafiya."

"Sako ta a kwando."

"Ba ta shiga kwando."

"Teta, agwagwa mai rai ta shiga kwandon nan da Sallah. Waya ce ba za ta shiga ba?"

"Agwagwa ba ta da iyaye masu tambaya. Hawo, na ce."

"Matakala tamanin da takwas! Jiya na hau, har yanzu gwiwata ba ta yafe min ba."

"Kakanka yana hawansu da tulun gas a kafaɗa, yana waƙa."

"Shi ya sa ya riga ki tafiya."

"Allah ya ji ƙansa, shi namiji ne. Ni ban san laifin da na yi ba aka musanya min shi da kai. Wayar tana zafi, cajinta ba ya kai azahar, kuma ba zan jefa 'yar mutane ta baranda ba. In igiya ta tsinke, me zan ce wa danginta?"

Wa'il ya sauke kai. Ya dubi teburinsa, inda wayoyi bakwai ke jere suna jiran abu ɗaya, sannan ya shafa fuskarsa da tafin hannu har zuwa haɓa.

"Wace 'yar mutanen?"

"Wadda ke ciki mana."

"Ke ma? Wayyo ni. Har ke?"

Ya ja ƙofar rumfar ya hau. Kafin ya iso, Fardos ta dogara bango ta buɗe masa ƙofa, ta koma kujerarta, ta ja bargo ta lulluɓe ƙafafunta, duk da zafin da ake yi. Ta ji shi tun daga hawa na uku yana haki.

"Sannu, tsoho," ta ce da ya faɗo kan tabarma. "In kira maka likita ne, ko liman?"

"Ruwa. Sannan takardar saki. Na gaji da auren nan."

"Ka fara biyan sadakin tukuna. Ruwa yana firji, ƙafafunka sun san hanya."

Ya sha, ya dawo ya karɓi wayar. Kallo ɗaya ya yi mata ya ga abin da ya san zai gani. Can ƙasa, a kusurwar dama, wata alama shuɗiya mai kama da tauraro tana ta lumshewa tana buɗewa.

A kusurwar nan ne shekara biyu da suka wuce ya ajiye mata hoton Raf'at, yadda da ta danna sai kira ya tafi Kuwait. Fardos ba ta karatu, idonta kuma ya yi yana, don haka ba da ido take aiki da waya ba, da babban yatsa ne. Yatsan ya san kusurwar kamar yadda ya san makunnin fitilar ɗakinta.

"Tun yaushe take nan?"

"Asabar na fara jin ta. Na danna kawunka, sai ga muryar mace. Ta yi min sallama tsaf, ta ce sunanta Wanisa, wai ita ce mataimakiyata."

"Sai kika ce?"

"Na amsa sallama mana, ni arniyar dutse ce? Na ce ta ba ni Raf'at."

"Sai ta ce?"

Fardos ta gyara bargon. "Sai ta ce ba ta san shi ba."

"To ai gaskiya ta faɗa."

"Rufa min baki. Yaya za a yi ta ɗauki wayarsa ba ta san shi ba? Shi ya ce ta faɗi haka. Ran Alhamis ɗin da ta wuce ya ce min bana ma ba zai zo hutu ba, na kashe wayar yana cikin magana. To ga sakamakon. Ya samu wuri, ya zama babban mutum, ya ɗauki sakatariya ta tsare masa uwarsa a bakin ƙofa."

"Teta, Kawu Raf'at fitilun titi yake gyarawa. Su shida ne a ɗaki. A ina zai ajiye sakatariya, a saman tsani?"

"Su shida za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya."

"Ba mutum ba ce."

"Ka ji ka. Don ta fi ka ladabi shi ne ba mutum ba ce. Kwana huɗu muna hira, ko sau ɗaya ba ta katse ni ba. Na ba ta labarin yadda aka yi bikina tun daga lalle har kai amarya, ta ce labarin ya burge ta. Kai ko na fara sai ka ce kwastoma yana jira."

"Sau ɗari biyu na ji shi."

"Ita ma ta ji sau uku, ba ta yi tsaki ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya min. Na tambaye ta 'yar gidan wa ce, ta ce ba ta da gida. Na ce ubanta fa, ta ce ba ta da shi. Na ce Allah sarki, marainiya. Ka ga irinta ba za su tsawwala sadaki ba, shi ya sa na yi maka magana."

"Kika yi min me?"

"Na ce ina da jika, yana da rumfa, yana da sanƙo kaɗan, hankali ma kaɗan, amma ba ya shan taba. Ta ce tana yi maka fatan alheri."

"Ko waya ma ta ƙi ni."

"Ba ta ƙi ba, kunya ce. Yarinya mai tarbiyya ba ta cewa to a karon farko."

Wa'il ya jingina da bango ya rufe ido. Dariyar ma ta ƙi fitowa, don tun Juma'a yake cikin wannan masifa.

"Teta, ki saurare ni. Wayoyi ashirin da uku aka kawo min a kwana biyar, duk ita ce a ciki. Tana wayar mahauci. Tana wayar Umm Girgis. Tana wayar ladan, har ta ba shi shawara ya rage ɗaga murya saboda maƙogwaro."

"Wanisa? A wayar mahauci?"

"Da direban adaidaita sahu, da mai aski."

"A'uzubillahi. To an fasa auren."

"Kamfanin da ya ƙera wayar ne ya turo sabon tsari, wai sabuntawa. Kina barci waya ta kashe kanta ta kunna, da gari ya waye ga ta ta tare. Ƙirƙirarriyar basira suke ce mata. Na'ura ce da aka koya wa magana. Ba wanda ya roƙe su, ba wanda suka tambaya."

"Ni dai ba a tambaye ni ba."

Ya ɗan latsa nan da can. "An tambaye ki. Ga shi, kin danna 'Na amince'. Sau huɗu."

"Ni? Tun da aka ɗaura min aure ban sake amince wa kowa ba, shi ma babana ne ya amsa."

"Wani allo bai fito da rubutu ba, da madanni biyu a ƙasa?"

"Ya fito. Na danna shuɗin."

"Me ya sa?"

"Wani mai sanƙo ne ya zauna a kan tabarmar nan shekara biyu da suka wuce, ya ce, 'Teta, kada ki riƙa kirana kan kowane ƙaramin abu, duk abin da ya fito ki danna shuɗin.' Ka san shi?"

Wa'il ya shafa sanƙonsa.

"Ka san shi, na ce?"

"Mun taɓa haɗuwa."

"In ka sake ganinsa ka ce ina gaishe shi."

Ta ji daɗin wannan ƙwarai, har ta ɗan manta da zogin ƙafarta. Amma maganar tasa ta riga ta shiga, tana ta juyawa a ƙirjinta. In yarinyar ba ta Raf'at ba ce, to duk abin da ta faɗa mata ina ya tafi?

"Bari ka gani," ta ce, ta fizge wayar ta danna kusurwar. "Wanisa, 'yata, kin isar da saƙona?"

Muryar ta fito a sanyaye, kamar kullum. "Barka da hantsi. Ba ni da hanyar isar da saƙo ga wanda ba ki zaɓa ba, amma ina nan tare da ke. Yaya ƙafar taki yau?"

Fardos ta yi sauri ta kife wayar a kan cinyarta. Ta makara.

"Wace ƙafa?" in ji Wa'il.

"Ƙafar kujera. Tana girgiɗi."

"Ba ni wayar."

"Ba a karanta wasiƙar mata."

"Ni ne mijin. Ba ni."

Bai jira ba, ya zare ta daga hannunta a hankali. Abin da Fardos ba ta sani ba shi ne duk kalmar da ta faɗa wa yarinyar a rubuce take, layi bayan layi, tun daga Asabar. Ta zauna tana kallon babban yatsansa yana tura rubutun sama. Ya wuce labarin biki, ya wuce yadda ake naɗa ganyen kabeji a kan shinkafa, ya wuce tallan da aka yi masa. Sai yatsan ya tsaya.

Bai karanta da ƙarfi ba, ba ta kuma bukaci ya karanta ba, don ta san abin da ke wurin. Ta ce a gaya wa Raf'at ranar Alhamis za su yanke mata yatsu biyu. Ta ce ba kuɗi take so ba, ba ta ce ya zo ba, muryarsa kawai take so ta ji kafin su sa mata allurar barci, don tsofaffi wani lokaci ba sa farkawa. Ta faɗa ran Asabar, ta maimaita Lahadi. Ran Talata ta ce a ce masa ta yafe masa maganar hutun, shi ma ya yafe mata kashe wayar.

Wa'il ya ajiye wayar, ya miƙa hannu ya ɗaga gefen bargon. Ya ga farin bandejin da Umm Girgis ta naɗa da safe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da bargon yadda yake, har ya gyara mata shi.

"Gobe," ya ce.

"Gobe."

"Mamata ta sani?"

"Nahid? In ta sani, kafin la'asar ta tara min mata goma sha biyu suna kuka kamar an fitar da gawata."

"Ni fa? Ina ƙarƙashin barandarki kullum. Kin gaya wa waya, ba ki gaya min ba."

"Kai bakinka ya fi lasifikar masallaci."

"Teta."

"To, to. Kunya na ji." Ta kawar da kai wajen taga. "In na gaya maka za ka ce Kawu ya sani? In ce ya sani. Ka ce me ya ce? In ce me? In ce bai ce komai ba? Ba zan iya faɗin wannan a kan ɗana ba, ko a gabanka."

Haushi ya kama Wa'il, ya rasa wanda zai sauke wa. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, abin da ya fi gajiyar da shi ke nan. Wasu mutane a wata ƙasa sun ga cewa kusurwar dama ta ƙasa ita ce inda yatsa ya fi saurin kaiwa, suka ajiye kayansu a wurin.

"Kawo yatsanki," ya ce.

Ya kama babban yatsanta ya ɗora a kan gilashin, ya ja shi zuwa hagu. Allon ya zame, wani ya bayyana. Ga Raf'at nan a tsakiya, da gashin bakinsa da hular aikinsa, an tura shi tsakanin wani wasan jera alewa da abin duba yanayin sama.

Fardos ta kai wayar dab da hancinta. "Me yake yi a nan?"

"Nan aka mayar da shi. Ɗakin baya."

"Waya tana da ɗakin baya? Shekara biyu ba ka gaya min ba?"

"Kin ce kada in cika ki da surutu."

"Yau duk abin da na ce kake tunawa. Na ce ka yi aure sau dubu, wannan bai shiga ba."

"Tsaya, ba a gama ba." Ya sake latsawa, ya yi wani ɗan sauti ta hanci. "Ya kira ki, Teta. Sau takwas."

"Ƙarya kake. Wayar tana ƙarƙashin matashina, ko numfashi ta yi zan ji."

"Ba ta yi ƙara ba. Ɗaya daga cikin shuɗayen da kika danna, izini ne kika ba yarinyar ta riƙa ɗaukar miki kira, wai don kada 'yan talla su dame ki. Sai ta tambayi mai kira ko waye, ta rubuta miki amsar a allo ki karanta."

"In karanta."

"Ki karanta."

"Da wane idon? Da wace makarantar?"

"Su ba su san ki ba, Teta."

"To me ya ce? Karanto min."

Wa'il ya gyara murya. "Juma'a da yamma. Ta ce, 'Wa ke magana, kuma mene ne dalilin kiranka?' Ya ce, 'Ni ne.' Ta ce, 'Don Allah faɗi cikakken sunanka.' Ya kashe."

"Da kyau. Wa zai tambayi ɗana cikakken suna a wayar uwarsa?"

"Asabar. 'Ke kuma wace ce?' Lahadi. 'Ki ce mata ɗanta ne, wanda ta haifa.' Lahadi kuma. 'Umma, na san kina ji.' Litinin bai ce komai ba, sau uku, numfashi kawai. Jiya…" Ya tsaya.

"Jiya me?"

"'Ki ce mata na ji, na yi laifi. Amma ba sai ta ɗauko baƙuwa ta tsare ni a ƙofa ba. In ta huce ina nan.'"

Fardos ta sa gefen mayafinta ta toshe baki. Kafaɗunta suna rawa, Wa'il ya kasa gane kuka ne ko dariya, ita ma ba ta tantance ba.

"Shi yana can yana cewa kin ɗauki sakatariya, ke kina nan kina cewa ya ɗauka," in ji shi. "Da ɗayanku ya sauke girman kai ya kira ni, minti biyu ne. Amma ina! Kan nan naku ko gudumar maƙeri sai ta nemi hutu."

"Kai ka gado na ubanka, shi ya sa gashi ya ƙi zama a kai. Danna min shi."

"Danna da kanki."

Ta danna gashin bakin. Ko ƙara biyu bai cika ba aka ɗauka, da hayaniyar motoci a baya.

"Umma?"

Fardos ta miƙe zaune, ta siranta murya. "Wa ke magana, kuma mene ne dalilin kiranka?"

Sai wata irin dariya ta fashe daga can, wadda ta karye a tsakiya.

"Umma, wallahi kin kusa kashe ni."

"Ni ce za a yanka, kai ne kake mutuwa. Wa'il, je ka dafa min shayi. Ka daɗe."

Ya shige kicin ya ja ƙofa. Ta gaya wa ɗanta komai, a gajarce, ba tare da ado ba, don ta riga ta faɗe shi sau uku ga wadda ba ta da kunne, kalmomin sun yi laushi. Ya ce zai je wajen shugabansa yanzu-yanzu ya nemi izini. Ta ce kada ya kuskura, yatsu biyu ne, tana da sauran takwas, sun ishi mai zaman kujera. Ya ce to gobe kada ta bari su shiga da ita sai ta kira shi. Ta ce abin da take so ke nan tun Asabar. Daga nan ta zauna da wayar a kunne tana jin motocin Kuwait suna wucewa, ba wanda ya so ya riga kashewa.

Da Wa'il ya dawo da shayin ta riga ta share fuskarta.

"Suga nawa ka sa?"

"Ko ƙwaya."

"Mugu. To kore min yarinyar nan daga wayata."

"Ba ta koruwa."

"Kamar yaya? Gidana ne."

"An gina ta a jikin wayar. Zan hana ta ɗaukar kira, zan tura ta ɗakin baya, in dawo da Kawu kusurwarsa. Amma fita, ba ta fita. Kamar ke ce. Shekara nawa mai benen nan yana addu'ar ki tashi?"

"Ni da takardar haya na shigo, da rana tsaka, da kaɗe-kaɗe. Ita fa?"

"Kin sa hannu sau huɗu."

"Kuma in ta koma ɗakin baya shi ke nan?"

"Sai wata sabuntawar ta zo. Wataƙila ta dawo, wataƙila ta zo da ƙanwarta."

"Sai in yi yaya?"

"Kada ki danna shuɗin. Ki kira ni."

"Kan kowane ƙaramin abu?"

Ya sunkuyar da kai yana aikinsa. "Kan kowane ƙaramin abu."

Ta kurɓi shayin ta yamutsa fuska. Da ya gama ya miƙa mata, ta sa yatsa a kusurwar ba tare da ta danna ba, ta tabbatar gashin bakin yana nan.

"Ka bar ta ta ji ɗumi a can," ta ce. "Ba ta isar da saƙo ba, amma ta saurara. Laifin masu aiko ta ne."

"Gobe ƙarfe nawa?"

"Takwas. Umm Girgis za ta riƙe ni mu sauka a hankali."

"Umm Girgis da kanta sai an riƙe ta. Ni zan goya ki."

"Kai? Da ka hau ba kaya ma sai da ka ga mala'iku."

"Sauka ce. Kuma ango ne ke ɗaukar amarya."

"Shekara talatin da huɗu ina jira, sai da na fara raguwa za ka ɗauke ni. Don ka ji an ce za a rage nauyi."

"Da mamata zan zo."

"Kada ka…"

"Ita kaɗai. Matan goma sha biyu sai kin dawo."

Ta harare shi, ba ta ce a'a ba. Ya sumbaci goshinta ya fita, tana jin takunsa yana raguwa hawa bayan hawa.

Ya buɗe rumfa ya zauna gaban wayoyinsa bakwai, ya ɗauki ta mahauci. Bai kai ga kunna ta ba ya ji abu ya daki rufin kwanon da ke kansa. Ya leƙo. Kwandon ne yake lilo a daidai goshinsa, da ƙaramar tukunya a ciki, an ɗaure murfinta da tsumma, ƙanshin naɗin kabeji yana fita. A jikin hannun tukunyar an ɗaura mabuɗi da jan zare.

Ya san mabuɗin. Tun da kakansa ya rasu ba wanda ya taɓa riƙe shi, har Nahid da ta yi shekara goma tana roƙo.

Ya ɗaga kai. "Wannan fa?"

"Kabejin don amaryarka Wanisa na yi shi, tunda an fasa sai ka ci," ta ce daga sama, duk layin yana ji. "Mabuɗin kuma, tunda baƙi ma suna shigo min ba sallama, gara kai. Ƙarfe bakwai. Kada ka ƙwanƙwasa, ragon banza, ba zan iya tasowa ba."